Malamin da ya zuba wa ƙauyenmu ruwa da buta

Duk wanda ya je ƙauyenmu Kalauma ya tambayi labarin Profe Nemesio Tarqui, wato malamin makaranta, sai dai a ce masa ai mutumin nan ne da ya kira mana ruwa, a tofar da yawu a sake zance. Ni Basilia ba na cikin masu tofarwar. Ni na dafa wa yaran makarantarsa abinci shekara da shekaru, na kuma san shi fiye da masu dogon bakin nan.

Daga birnin Oruro aka turo mana shi, ɗan siririn mutum mai tabarau ɗaure da waya, ga wani busasshen tari irin na 'ya'yan masu haƙar ma'adinai. Yana jin yarenmu na Aymara kamar kowa, sai dai zaman birni ya wanke masa abubuwa da yawa. Ba mata, ba ɗa. Ɗaki guda ya samu a gidan Tata Evaristo, shugaban ƙauye, can unguwar sama kusa da makaranta.

Mutumin nan bai yarda da allo da alli ba, komai sai yaro ya taɓa da hannunsa. In an yanka tunkiya zai zo ya roƙi zuciya da huhu, ya soka kara ya hura, huhun ya kumbura, yara su yi ta ihu. Ranar kasuwa ya tasa su gaba su je su ji yadda farashin dankali ke faɗuwa warwas bayan girbi, ya tsaya yana musu bayanin dalili, masu saye da sayarwa na harararsa. Ya sa sun zaɓi shugaban aji da ƙwayar wake a cikin tulu, ɗan Tata Evaristo ya sha kaye a hannun 'yar makiyayi, uban ya yi mako yana kumbure-kumbure. Mu dai dariya muke yi, muna cewa Profe da sauran yarinta a kansa.

Shekarar da 'yata Fortunata ta shiga aji huɗu ya ce zai koya musu labarin ƙasa. Ya share wani fili a bayan kicin ɗina, suka yi ta jidar yumɓu, suka gina kwarinmu kaf: dutsen ƙanƙara a sama, tafkin da ke gindinsa, rafin da ke gangarowa, unguwar sama a kan tudu, da tamu unguwar ƙasa a bakin rafi. Har nan ba laifi. Inda ya yi ɓarna shi ne da ya ce kowane yaro ya gina gidan iyayensa, ya kuma ɗebo ƙasar daga tsakar gidansu, ciyawar jinka daga rufinsu, wai don yaro ya ji abin nasa ne.

Haba, ko jaririn goye a wajenmu ya san ba a haka. Mu da kowace shekara a bikin Alasita muke sayen ɗan ƙaramin gida ko 'yar ƙaramar saniya, a yi musu turare a yayyafa barasa, don babban ya biyo ƙaramin? Wancan ma na kasuwa ne. To ina ga wanda aka gina da ƙasar gidanka? Na faɗa masa ina fere dankali. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Mama Basilia, taswira ce kawai."

Yaran ba su tsaya a gidaje ba, har da mutane suka ƙera. Da na leƙa namu na ga mutum huɗu a ciki, alhali mu uku ne, ni da mijina Tiburcio da Fortunata. Na huɗun an lanƙwasa masa 'yar waya a fuska kamar tabarau. Ta ce Profe ne, ba shi da gida a taswirar, shi ya sa ta ba shi masauki a namu.

Ran da aka gama, da hantsi, ya aro butata ya cika ta. Ya ce yau za su ga yadda ruwa ke zaɓar hanyarsa. Ya tsiyaya kaɗan a tafkin, ruwa ya bi rafi sumul, yara suka tafa. Sai ya ce to in wani ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle ya faɗa tafkin fa? Ya tuntsurar da butar gaba ɗaya.

Ina tsaye da ludayi a hannu. Ruwan ya tsallake bakin tafkin, ya yi kwana a inda rafin gaske ke kwana, ya shiga unguwar ƙasa. Gidajen suka narke ɗaya bayan ɗaya, ciyawar rufinmu na yawo a sama. Karen makaranta da ke kwance ya miƙe ya bar wajen da bindi a matse. Fortunata ta zura hannu cikin caɓin ta tsamo mutum uku, ta yi ta lalube ba ta sami na huɗun ba. Shi kansa Profe ya tsaya yana kallon abin, butar a hannunsa. Daga baya ya gaya mini bai zaci gangaren ya kai haka ba, sai da ya ga ruwa ya bi.

Washegari ya hau dutsen shi kaɗai. Ya dawo leɓe a tsage, ya ce bakin tafkin tarin duwatsu ne da tsakuwa kawai, ruwa na tsattsafowa ta ƙasansa, ƙanƙarar kuma ta rataya a sama duk ta dare. Ya bi unguwar ƙasa gida-gida yana bayani, da zane a ƙasa da komai. Wa zai saurare shi? Tiburcio nawa ma cewa ya yi kakanninsa a nan aka binne su, tafkin bai taɓa taɓa kowa ba, malami ya je ya ci gaba da hura huhun tumaki. Abin da ya dame su daban ne. Tun ranar butar mata suka daina bi ta bayan makaranta. Wasu suka ce in rana ta take suna jin ƙarar ruwa daga wajen taswirar, alhali ta bushe ƙamas. Ni ma na ji sau ɗaya, ba zan yi ƙarya ba, kamar ana tsiyaya ruwa a kwano can nesa.

Tata Evaristo ya tara ƙauye a filin makaranta. Hukuncin shi ne Profe ya sake gina gidajen da hannunsa, a kira mai duba ya yi turare ya binne ganyen koka da muke sadaka da shi, a warware abin, kowa ya koma ya yi barci. Profe ya gina su, tsaf, kowa na kallo. Da ya gama ya miƙe ya sake roƙonsu su tashi daga bakin rafi. Aka yi masa ca, wani ya ce ya rufe mana baki tunda ya gyara ɓarnarsa.

Sai ya juyo ya dube ni. Butar na ajiye a ƙofar kicin, cike, don in ɗora shayi. Na gane abin da zai yi tun kafin ya taka. Ya ɗauke ta, ya tsaya a kan tafkin yumɓun, ya ce da murya irin wadda ban san yana da ita ba, "Tata Evaristo, ko sau nawa aka gina, haka zan yi." Ya juye ta duka.

Wata tsohuwa ta zube a wajen. Maza suka yi kansa, da ƙyar aka raba. Amma ka san me? Abin da bayani ya kasa, tsoro ya yi shi cikin mako biyu. Mai duba ya ce sau biyu kam ba ya warwaruwa. Unguwar ƙasa ta kwashe kaf, har kaji da aladu, muka hau tudu muka raɓa a gidajen dangi kafin mu yi bulo. Tiburcio da ke cika bakin kakanni shi ya fara cire ƙofarmu ya ɗora a ka.

Shi kuwa Profe aka watso masa kayansa waje. Aka garƙame makaranta, aka janye yara, mai kanti ya daina sayar masa ko da ashana. Hukuma a birni ta ce ya dakata sai ƙarshen shekara a sake masa wuri. A unguwar sama ba wanda zai ba shi ko ɗakin tumaki, mu kuma a raɓe muke. Da na je nemansa da ƙunshin dafaffen dankali, na tarar ya shiga kangon gidanmu a ƙasa, ya rataya bargo a madadin ƙofa, don shi kaɗai ne ba a yaye rufinsa ba.

Na zazzage shi tas. Na ce shi da ya kore mu daga nan shi ne zai kwana a nan? Ya ce rani ne, sai damina abin tsoro, kafin nan ya tafi. Na ce to ya fito ya faɗa wa mutane cewa da gangan ya yi don su tashi. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Mama Basilia, in suka daina tsorona gobe za su koma."

Ran da abin ya zo ba ko gajimare ɗaya a sama. Muna gona da tsakar rana muna tattake dankalin da sanyi ya daskarar don mu shanya shi, sai tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, muka ji ƙara daga dutse kamar an fasa katako. Shiru ya biyo baya, har wasu suka koma aiki. Daga nan sai iska mai warin laka ta bugo mu. Muka ruga bakin tudu. Ruwan ya yi kwana daidai inda na butar ya yi, baƙi ƙirin, da duwatsu manya kamar shanu, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yadda na riga na gani sau biyu. Namu ne na uku. Na ga bargon.

Ba a rasa ko akuya ba a Kalauma, sai shi. An tona an tona ba a same shi ba. Ina jin masu cewa ruwansa ne ya ci shi, har da waɗanda jikokinsu ke wasa a gabansu yau albarkacinsa, raina ya yi ta tafasa. Na yi faɗa da rabin ƙauyen nan a kan haka, ban kuma fasa ba.

Taswirar na nan a bayan tsohon kicin, an kewaye ta da duwatsu, ba mai taɓa ta. Bayan an haƙura da nema, Fortunata ta ja ni can da safe. Ta durƙusa a inda gidanmu yake, ta yi ta ƙwaƙular busasshiyar lakar da farce har ta ciro shi, ɗan mutum kamar yatsa, wayar na nan a fuskarsa. Ta dube ni ta ce, "Mama, da ban sa shi a gidanmu ba fa?"

Na buɗe baki in ce mata taswira ce kawai, maganar ta ƙi fitowa. Ɗan mutumin yumɓun muka naɗe a ƙyalle muka binne a unguwar sama, ni da ita da Tiburcio, don ba mu da wani abin binnewa.