Malam Bawa, Wanda Ya Mayar wa Tsohuwa Waƙarta

Ranar Laraba da hantsi ina bakin tasha ina jiran motar Ribah, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gabana ya kashe mashin. Ya ce, "Malam Sani, ashe ba ka ji ba? Malam Bawa mai situdiyo ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun dawar wani bawan Allah ba. Kwana uku kafin nan na bar shi lafiya lau, yana goge na'urarsa da tsumma yana yi mini tsiyar cewa muryata ta fara tsufa kafin ni.

Shekara tara ina shiga ɗakin ɗaukar waƙar nan nasa na bayan kasuwa. Masu bege, 'yan kwayar coci, mu masu waƙar biki, duk wurinsa muke zuwa, kuma duk mun sha faɗa da shi a kan abu ɗaya. Ba ya sakin aiki a kai kamfanin buga faifai sai ya san asalin kowane amshi da kowane kiɗa. In na wani ne, sai an nemi izininsa a rubuce, ko da wasiƙar za ta yi wata biyu a hanya. A bayan kwalin faifai kuwa har mai tafi sai ya sa sunansa. Yakan ce, "Waƙa awa gona ta. Ba a shiga gonar mutum don an ga ba shi nan." Mu kuma mukan ce a bayan idonsa, Malam ya fi hukuma hukuma.

Ni na fi kowa sanin wannan hali, domin a kaina ya sauka. A shekarar 2004 na haɗa faifaina na farko, waƙa takwas. Bakwai daga ciki, gaskiya, na cika lissafi ne. Ta takwas ita ce wadda na sa rai za ta fitar da ni. Amshinta na ji shi ne a ƙauyen Manga, a bakin wata tsohuwa tana sussukar dawa, ya maƙale mini a kunne. Na dawo na sa masa fiyano da ganga, na mai da shi waƙar rakiyar amarya. Duk wanda ya ji sai ya kaɗa kai.

Da takardar kamfani ta zo, wadda mawaƙi ke sa wa hannu cewa duk abin da ke cikin faifan nasa ne ko ya sami izini, na zaro biro. Malam ya ɗora tafinsa a kan takardar.

"Amshin ga na wa na?"

Na ce, "Na gargajiya ne, Malam. Ba shi da mai shi."

"Gargajiya ba ta da baki. Ga bakin wa kaj ji shi?"

Washegari ya goya ni a mashin muka nufi Manga, da ƙaramar rakoda da takarda da tawadar dangwale. Haka yake yi wa duk wanda bai iya karatu ba: ya kunna masa waƙar daga farko har ƙarshe, ya karanta takardar, a fassara da Dakarci, yaren mutanen yankinmu, in akwai buƙata, sannan in mutum ya yarda ya dangwala yatsa.

Mun sami tsohuwar, Inna Tani, tana ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro. Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ya kunna. Da farko tana murmushi. Da amshin ya shigo sai hannunta ya tsaya. Ta bari har aka gama, sannan ta ce ita ta yi wannan waƙa, ranar da aka binne ɗanta. Shekara da shekaru ɗan nata yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, ya rasu a daminar ƙarshe, amarya ba ta tare ba.

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kuka na ne ka sa ma ganga."

Na yi magiya. Na ce za a rubuta sunanta, za a ba ta rabonta. Ta girgiza kai ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

A hanyar dawowa na zazzage wa Malam duk abin da ke cikina, kuma ina jin kunyar abin da na faɗa har yau. Na ce tsohuwar ko rediyo ba ta da shi, wa zai kai mata labari? Kamfani sa hannuna kawai yake so. Muka iso gari, ya kashe mashin. Ya ce, "Kamfani takarda yaka dubi, Sani. Ni ko na ga idon matag ga." A gabana ya goge waƙar daga na'ura. Wata biyu ban taka situdiyon ba, in na hango shi a masallaci sai in sake sahu. Faifan ya fito da waƙa bakwai, bai yi wani tashe ba. Ba zan yi ƙarya don mutum ya rasu ba: na daɗe ina ganin shi ya toshe mini hanya. Shi ya fara zuwa gidana da ƙullin goro, ya zauna muka yi hirar damina kamar ba abin da ya faru.

Ranar sadakar bakwai, muna zaune a ƙofar gidan Malam, sai ga mashin ya sauke wata tsohuwa da ƙwaryar dawa a kanta. Ta shiga ta yi wa mai ɗakinsa, Malama Asabe, ta'aziyya, ta fito tana tambayar mai waƙa. Ashe Inna Tani ce. Na taso na durƙusa. A nan na ji daga bakinta abin da Malam bai taɓa gaya mini ba. Da faifan ya fito, ya koma Manga shi kaɗai, ya kunna mata shi tun daga farko har ƙarshe, don ta ji da kunnenta cewa waƙarta ba ta ciki. Tun daga nan kowace kaka sai ya je gaishe ta.

Ta ce, "Tunda nake, ba wanda ya taɓa tambayata abu nawa sai shi. Tashi ka buɗe ɗakin waƙar."

Malama Asabe ta ba ni makulli, muka tafi situdiyon. Inna Tani ta zauna a kan tabarma, na saukar mata da makirfo, ta rera waƙar ɗanta da muryar da ta tsufa, babu kiɗa babu komai. Na yi kuka irin wanda ban yi ba a maƙabarta. Da ta gama ta ce, "Na ba ka. Amma ba ganga, ba rawa. Ka sa sunan ɗana, ka sa sunan Malam."

Na yi godiya na fara naɗe waya. Sai ta miƙo mini babban yatsanta ta ce, "Ina takarda? Ba haka shi ke yi ba."

Na jawo aljihun teburinsa. Takardun na nan a jere, tawadar ma ba ta bushe ba. Na karanta mata layi bayan layi, kamar yadda na ga yana yi, ta dangwala.

Ya Allah, ga bawanka Bawa ya zo gare Ka. Mun shaida bai ci haƙƙin mai ƙarfi ba, bai ci na marar ƙarfi ba, bai kuma bari mun ci ba. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Malama Asabe da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu. Mu da ya bari da makullin ɗakin nan, Ka ba mu ikon riƙe amana yadda ya riƙe, Ka kuma yafe mini wata biyun da na yi ban gaishe shi ba. Amin.