Kwalaben Lakar Yaya Salifu

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Salifu a Filinge, kuma har yau in na tuna abin da muka yi wa ɗakinsa sai zuciyata ta tafasa. Na ce "muka" ne domin da ni a ciki.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya karanci kimiyyar ƙasa, ya daɗe a Turai yana bincike kan wani ƙarfe da ake kira teknesiyum, wanda ke fitowa a sharar tashoshin nukiliya bayan an yi aiki da uraniyum. Ya sha yi mini bayani har na haddace. Ƙarfen yana fitar da tururi mai cutarwa, kuma in ya samu ruwa narkewa yake kamar gishiri, ya bi shi duk inda ya nufa, har cikin rijiya. Amma can ƙasan laka, inda iska ba ta kaiwa, akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, bakteriya, masu sauya shi ya maƙale a ƙasa ya daina tafiya. In iska ta shiga, aikinsu ya tsaya, ƙarfen ya sake kama hanya.

Da ya dawo gida sai ya ɗora ransa kan wani tabki da ke hanyar Damana. Yana da yaƙinin lakar wurin na ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi. Yakan shiga ruwa har ƙugu, ya ɗebo baƙar laka daga ƙasa, ya cika kwalba, ya toshe bakin da roba da kakin zuma. Babu ko ƙwayar teknesiyum a gidanmu. Nufinsa ya aika wa abokan aikinsa na dā su gwada. Mutanen yankinmu na Kurfai kuwa dariya suka yi ta yi: an tura mutum karatu ya dawo yana wasa da taɓo.

Ɓarin jikinsa ya shanye rana ɗaya, kwana huɗu ya cika. Bayan sadakar arba'in aka buɗe ɗakinsa kamar yadda aka saba. Ƙanen mahaifinmu, Baba Alhaji, ya ga kwalabe jere a duhu, baƙaƙe, a liƙe, kowace da rubutu a jiki. Ya ja da baya yana salati.

"Wagga ba laka ba ta, sammu na. Shi ya kashe shi," in ji shi. "Isufu, kai ne ƙanenai. Buɗe su, a zubda."

Na san ko mene ne a cikinsu. Duk gidan ni kaɗai na sani. Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane su yi tambaya kafin su yarda. Amma dattawa sun cika tsakar gida, mata na leƙowa, sai kunya ta ɗaure mini baki. Na tsuguna bayan gida na ɓalle kakin ɗaya bayan ɗaya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, aka ce to kun ji, ga shaida. Kafin la'asar lakar ta bushe a rana ta koma ja. Kwalaben aka wanke su aka zuba yaji.

Ina jin haushin Baba Alhaji, Allah ya jiƙansa, amma shi tsoro ya ji, bai sani ba. Ina jin haushin garin da ya fi saurin yarda an yi wa mutum asiri a kan ya yarda mutumin ya san wani abu. Haushin kaina ya fi duka.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Tabkin an cinye shi da haƙar tubali, sauran ramin an mai da shi juji. A kowace fadar hira ana ta maganar uraniyum, namu ne, arzikinmu ne. Gaskiya ne. Amma ban ji wanda ya tambayi ina sharar ke zuwa ba, ko me ke tsakaninta da ruwan da muke sha, mu da a kwarinmu na Dallol ba ka haƙa da nisa ka tarar da ruwa. Mutum ɗaya ne ya damu da tambayar nan a garinmu, muka kira shi mai wasa da taɓo.

Me ya rage nasa? Littafi ɗaya na rubutun hannunsa, da 'yarsa Ramatu, wadda ke karatun kimiyya a Yamai. Da hutun bana ta zo mini da littafin a hannu, ido na ƙyalli.

"Baba Isufu, ina kwalaben da Babana ya rubuta cikin littafin ga? Malaminmu ya ce in suna nan a liƙe, ana iya gwada su."

Na dubi yarinyar nan na ce mata ruwan sama ne ya rushe ɗakin ya tafi da su. Ta ce Allah ya ƙaddara, har tana ba ni haƙuri.

Ramatu, na san za ki karanta wannan. Ɗakin bai rushe ba. Hannuna ne ya buɗe su, kuma ina sane.