Ranar da Na Kasa Sauka a Ƙofar Makaranta

Shekarun baya, ina koyarwa a wata makarantar horar da ma'aikatan jinya a nan Minna, sai abokan aikina suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta samu aiki a ƙasar waje, wancan ya yi ritaya, ba a kawo madadinsu ba. Darussansu duka suka dawo kanmu, ni da wata abokiyar aikina da ke zuwa daga Paiko kullum. Da safe aji, da rana bin ɗalibai ɗakunan majinyata, ranar Asabar duba takardun jarrabawa. Ni da nake koya wa yara alamomin gajiya, ban gane su a jikina ba.

Wata Litinin na hau keke napep daga Barkin Sale. Da muka iso ƙofar makaranta, mai keken ya ce, "Hajiya, mun zo." Na hango ɗalibaina cikin fararen kaya suna jirana, sai na kasa sauka.

Na ce, "Malam, wuce kawai."

"Zuwa ina?"

"Ko'ina."

Bawan Allah bai ƙara tambaya ba, ya kai ni har wajen madatsar ruwa ta Tagwai. A bakin ruwan na kira abokiyar aikina, na ce mata na gaji, zan ajiye aikin. Ta ce, "Sista, ni ma jiya ɓuya na yi a ɗakin gwaji, na yi kuka na ƙoshi. Amma yaran nan jarrabawar ƙarshe ce a gabansu. Ki dawo mu je wajen shugabar makaranta tare."

Muka je. Na ce, "Ranki ya daɗe, ba murabus ya kawo mu ba. Amma mutum biyu ba za su iya ɗaukar sashe guda ba." Ta ce babu gurbin ɗaukar ma'aikata. Muka koma mako na gaba, muka sake komawa, har ta kai in ta hango mu sai ta dafe kai. A ƙarshe ta amince manyan nas-nas na asibiti su karɓi kula da ɗalibai a ɗakunan majinyata, aka kuma sakar mana Asabar. Da mu yaran suka zana jarrabawarsu.

Har yau ina koyarwa. Na daɗe ina ɗaukar shiruna a matsayin haƙuri, alhali cinye ni yake yi. Shi ya sa yanzu, duk sabuwar malamar da ta ce mini, "Ba komai, zan iya," sai in jawo mata kujera in ce, "Zauna tukuna, ki gaya mini gaskiya."