Kaset Ɗin da Ya Same Mu a Guangzhou

Wai wa ya koya wa dubban Turawa sunan ɗana? Har yau ban sani ba.

Na raka mijina, Alhaji, Allah ya jiƙansa, sarin yadi a Guangzhou, can ƙasar Chana. Shekara uku ke nan ba ya magana da ɗanmu, tun da ya bar shago ya tafi Amurka, wai ƙwallo ce sana'arsa. Wani ɗan Maraɗi ya kawo mana kaset daga wurin yaron, mai masaukinmu ɗan Chana ya sa mana a talabijin.

Ikon Allah! Ciyawa shimfiɗe kamar darduma, mutane hawa-hawa har sama, agogon filin yana ƙirgawa da baya. Sai ga ɗana a guje, jama'a suka miƙe suna kiransa. Alhaji ya cire hula, ya ce a maimaita. Sau huɗu aka maimaita.

Da safe ciwon ƙirji ya kayar da shi. Ina kuka a asibiti ya riƙe hannuna.

"Hajiya, ki ce masa na yafe. Amma ya riƙa ba abokansa ƙwallon, ya cika rowa."