Indararon Kaka

Duk safiyar da na shiga masana'antar tayil da nake aiki a Kano, ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu ne ke fara tarbata, sai in ji ni a tsakar gidanmu, a wani ƙauye gefen Basirka. Kada ka yi mini dariya, ƙato da ni da furfura a gemu, ƙamshin ƙasa na sa ni ƙwalla.

Kakata ta wajen uba maginiya ce. Tukunya da randa mata da yawa na yi, amma indararo, bututun yumɓun nan da ake kafawa a bakin rufin soro don ya watsa ruwan sama nesa da bango, sai ita. Da bazara take aikinsa, lokacin da zafi ke dafa mutum. Mu jikoki mu yi ta tattaka yumɓu har duga-duganmu su tsage, ita kuwa ta daka tsingaron tsohuwar tukunya ta barbaɗa a ciki don kada ya fashe a wuta. Ta naɗe shi a jikin taɓarya, ta shafe da ruwa, ta shanya a inuwa. In na gaji sai ta ce, "Kai, wannan miji nawa rago ne, ko tuwo sai an sa masa a baki." Ranar gashi hayaƙin kara da kashin shanu ya rufe unguwa. Tun daga Gwaram har Birnin Kudu ake zuwa saye kafin ruwan farko.

A wurin aikinmu wani ne ke zaune a ofis yana zana ado a kwamfuta. Inji ya niƙa yumɓu, wani injin ya danne, wani ya fesa masa sheƙi, tayil ɗin ya bi ta dogon tanderu ya fito sak da ɗan'uwansa. Nawa aikin in tsaya in ware mai lahani.

Bara indararon ɗakinta ya karye. Tana nan da ranta, amma ido ya tafi, hannu na rawa. Na zaga kasuwanni, kowa sai ya ce, "Haba Malam, wa ke wannan yanzu?" Matan da ta koya wa daga baya duk sun riga mu gidan gaskiya. Muka kafa na kwano. Ashe kwano ba ya kama laka. Ruwa ya yi ta bi ta gefensa yana shiga bango, azara ta ruɓe. Tsakiyar damina rufin ya rufta, Allah Ya sa tana zaune a madafa. A ɗakin nan ta haifi babana.

Na gina mata na bulo, na shimfiɗe shi da tayil ɗinmu mafi kyau. Da aka shigar da ita, ta durƙusa ta daɗe tana shafa ƙasan.

"Wannan ma yumɓu ne?"

"Yumɓu ne, Kaka, gasasshe."

"Ikon Allah. To ni ban ji hannun kowa a jikinsa ba."

Wallahi maganar ta karya mini zuciya. Yanzu sorayen garin suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na murna da kwano da siminti, ban kuma ga laifinsu ba. Amma abin da tsohuwar nan ta sani yana cikin hannayen da ko moɗa ba sa iya riƙewa, kuma da ita zai tafi. Sabon ɗakin sai barci ke shigar da ita. Da gari ya waye takan sa a ja mata tabarma zuwa gindin rusasshen bangon, can take wuni.