Ja'afaru da Masu Sulalla

A bakin kakata na fara jin sunan Ja'afaru. Duk wanda ya ba da rance a gidanmu na Makka sai ta ce, "To, Ja'afaru ya dawo!"

Ƙanenta ne, ɗan canji a unguwar Jarwal ta Makka bayan yaƙin duniya na biyu. A Makka aka haife shi, bai taɓa ganin Kano, garin iyayensa ba. In alhaji ya zube masa sulalla, sai ya ɗauka ɗan gida ne, tunda kuɗin Kano ke hannunsa. In guzurin mutum ya ƙare, sai ya ranta masa kuɗin jirgin ruwa, a kan ya aiko da su ta hannun alhazan baɗi. Bai san sulen nan har Gana da Saliyo yana ci ba. Alhazan baɗi suka zo, babu wanda ya san mutanen, don yawancinsu ba daga Kano suke ba. Cikin shekara huɗu jarinsa ya ƙare, ya koma ɗinkin hula.

Bai taɓa kiransu macuta a fili ba, amma abin na cin sa. Da ya tsufa ya kira ni, ya ce, "Ya binti, 'yata, ɗauko taswirar makarantarku ki gwada mini nisan ƙasashensu daga nan. In hanya ce ta hana su, in huta da zarginsu."