Ranar da Motar Alhaji Ta Zama Jirgin Ruwa

Ko tsufa ya cinye min kai, ba zan manta ranar da aka mayar da motar aikina jirgin ruwan yaƙi ba.

Lokacin ina tuƙa wa wani Alhaji motar janwe, irin mai shimfiɗaɗɗen baya. Sharaɗinsa ɗaya ne: ko ƙwarzane ya gani a jikinta, in ajiye makulli. Wata Asabar aka tura ni wani gari da ake kira Summerfield in ɗauko tarakta a gonar dawakin wani tsohon Bature. Na iske shi da ɗan jirgin sama na rimot, shuɗi, girmansa kamar ɗan akuya, fukafukan a lanƙwashe kamar an zauna a kai.

Na ce, "Baba, wa ya taka maka shi?"

Ya ce haka aka ƙera na ainihin, wanda mahaifinsa ya tuƙa a yaƙin duniya na biyu. Farfelarsa ƙatuwa ce, sai aka lanƙwasa fukafukan don jikin ya ɗaga, kada ta sari ƙasa. Ga ƙugiya a wutsiya, da ita yake cafkar igiya in zai sauka a kan jirgin ruwa. Hancin kuma dogo, direban ba ya ganin inda zai dira. Na ce a raina, kuma wai masu digiri ne suka zauna suka ƙera wannan.

Sai ya tsura wa bayan motata ido. Ya ce tun da ya haɗa jirgin bai taɓa samun abin da ya yi kama da jirgin ruwa haka ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ni kuma sakarai, na ɗaura masa igiyar shanya a tsakiyar motar.

Jirgin ya tashi, ya kewayo, ya miƙo saitin gilashin baya. Daidai nan Alhaji ya kira.

"Malam, kana ina?"

"Ina bakin aiki, Alhaji."

"Ƙarar mece ce wannan?"

"Ciyawa ake yanka, ranka ya daɗe."

Ƙugiya ta tsallake igiya. Jirgin ya daki ƙarfe, ya yi tsalle, ya haye rufin motar da ƙyar, ya faɗa cikin komin da dawaki ke shan ruwa. Na ruga na duba jikin motar. Tsoho kuwa dariya har da tari.

"Babana ma haka ya yi ranar farko. A teku aka tsamo shi." Ya share ido. "Mu sake?"

Na kwance igiyar, na ɗora tarakta.

Abin da na koya shi ne, in tsoho ya fara hawaye yana kallon kayan da ba naka ba, ka miƙa masa hankici, ka ja motarka.